Alhaji Sikeli, Sarkin 'Yan Ba-Ruwanmu

Kowane gari da irin arzikin da Allah ya ba shi. Wasu ya ba su shinkafa, wasu albasa, wasu shanu. Mu mutanen Talata Mafara sai ya ba mu Alhaji Hayatu, mun kuwa gode, don ba mu san laifin da muka yi ba balle mu tuba a ɗauke mana shi.

Alhaji Hayatu cikakken mutum ne ko ta ina ka auna shi. Babbar rigarsa takan sha sitaci har in ya tuɓe ta tana iya tsayawa da kanta ta amsa gaisuwa. Hularsa kullum a tsaye take cak, ba ta karkata dama ba ta karkata hagu, domin a cewarsa karkata hula ma shiga jam'iyya ce. In zai fita yakan riƙe wayoyi biyu, ɗaya tana aiki. Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Sikeli, wai ƙasar nan kaf bisa ma'auni take, kuma duk gefen da ya ɗora ɗan yatsa can za ta rinjaya. Muka karɓi sunan hannu bibbiyu, don mun san sikelin kasuwa, mun kuma san yadda ake danne shi da yatsa.

Kada wani ya ɗauka Alhaji bai san jam'iyya ba. Ya san su, su ma sun san shi. Shekara takwas ya yi a Jam'iyyar Tsani, har ya nemi kansila a Garbadu, aka yi zaɓen fid da gwani ya tashi da ƙuri'a uku, ciki har da tasa. Ya ce an yi masa maguɗi, ya tattara ya koma Jam'iyyar Rariya. Can ya nemi shugabancin mazaɓa, suka duba cancantarsa da kyau suka ba shi mataimakin mai jera kujeru. Daga ranar ya gane cewa jam'iyyu ba su da aƙida.

Yana cikin wannan zaman na ba tsuntsu ba tarko sai wata safiya ya ji wani masani a rediyo yana bayani. Masanin ya ce zaɓen shugaban ƙasa ba 'yan jam'iyya ke raba gardamarsa ba, don su an riga an san inda suka dosa. Masu raba gardama su ne waɗanda ba su da katin kowace jam'iyya, masu zura ido su ga kamun ludayin kowa, sai ranar zaɓe su dangwala inda ransu ya kwanta. Alhaji ya ajiye kofin shayi. Ya tambayi kansa, to waɗannan mutane wa ke shugabantarsu? Ya duba gabas ya duba yamma, babu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Mai ƙaramin tunani irina zai ce ai dalilin da ya sa mutanen nan ba su shiga jam'iyya ba shi ne ba su son a ja su da igiya. Amma Alhaji ba ƙaramin tunani gare shi ba. Kafin sati ya zagayo an kafa allo a ƙofar gidansa: Ƙungiyar Masu Zaɓe 'Yan Ba-Ruwanmu ta Mafara da Bakura da Maradun. Aka sassaƙa hatimi. Aka yi zaɓen shugabanni a zaurensa, ya tsaya takarar ciyaman ba hamayya, ya zaɓi kansa, ya rantsar da kansa, sannan a matsayinsa na sakatare ya rubuta wa ciyaman takardar taya murna.

Yadda ya tara mabiya kuwa abin a koyar ne a makaranta. Duk wanda Alhaji ya gaisar ya amsa, ya shiga ƙungiya. A ƙasar da ko maƙiyinka ba ya wuce ka sai ya tambayi kwananka da gajiyarka da iyali da aiki da labarin gida, ka ga ba a wahalar samun mamba. In mutum ya ƙara da "Allah shi ba da sa'a", to wannan ya zama jami'i. Cikin wata uku Alhaji ya sanar cewa yana da ƙuri'a dubu arba'in a aljihun rigarsa. Masu ƙuri'un ba su ji labari ba, suna can suna ban ruwa.

Abin da Alhaji yake nema a duniya ba ɓoyayye ba ne, yana rataye a falonsa. Ya sa kafinta ya yi masa wani ƙaton firam mai ruwan zinariya, ya buga ƙusa daidai saman kujerar da yake zama, ya rataye shi ba komai a ciki sai gilashi. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

"Nan hotona za shi zamna," in ji shi, "ni da shugaban ƙasa mai zuwa, hannu cikin hannu. Kuma ku sani, ba ni ka jiran shi ba, shi ka jirana."

Shekara biyu matarsa Lantana tana goge gilashin nan kowace safiya. Ta taɓa roƙonsa a sa hoton da ya ɗauko a Makka kafin shugaban ƙasar ya samu sukuni, ya ce mata wurin manya ba a ba da aronsa. Ta ci gaba da gogewa. Lantana mace ce mai haƙuri, amma idonta ba ya barci.

Ba za a ce Alhaji ba ya aiki ba. Kowace Talata, ranar da kasuwarmu ke ci, yakan fito da hantsi ya ratsa ta daga 'yan hatsi zuwa 'yan albasa yana ɗaga hannu yana ƙara mambobi. Rana na take tsaka sai ya koma gida ya ci tuwo, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa don abin da yake kira nazarin al'amuran ƙasa. Maƙwabta kan ji nazarin ta taga, yana tashi yana sauka, har la'asar sakaliya. Shekara bakwai ke nan idon Alhaji bai ga kasuwar Mafara bayan azahar ba.

Da guguwar zaɓe ta taso sai ya fita rangadi. A Birnin Tudu ta ƙasar Bakura ya tarar da mutane cikin laka har gwiwa suna dashen shinkafa. Ya tsaya a kan gaɓar hanyar ruwa, inda takalminsa ba zai jiƙe ba, ya buɗe baki.

"Jama'a, ku natsu ku saurara. Masu Tsani an ƙirga su, masu Rariya an ƙirga su, duk an ɗaure su awa damman gero. Mu na ba a ƙirga ba. Mu na gishirin miya. Ranar da niɗ ɗaga yatsana, Abuja sai ta yi atishawa. Ba ni son ku wahalar da kanku da tunanin wanda za ku zaɓa, wanga nauyi ni na ɗauke muku shi."

Ya yi sa'a guda yana wannan, mutane suna dashensu. Wata dattijuwa mai turara shinkafa, Ummulkhairi, ta miƙe ta dafa ƙugu ta ce tana da magana a kan hanyar da suke bi zuwa kasuwa. Alhaji ya ɗaga mata hannu ya ce an rubuta. Ba alƙalami a hannunsa, ba takarda. Ya shiga mota ya ce da direba jama'ar Bakura sun yi mubaya'a.

Rangadin Maradun ya fi wannan gajarta. Alhaji ya kai mararraba, ya sa aka tsaya, ya leƙa hanyar ta gilashi, ya ga yadda ta miƙe shiru ba mota ba babur. Ya ce daga nan ma ya ji bugun zuciyar jama'a, a juya. Ba tsoro ba ne, Allah ya kiyaye. Shugaba ne ba ya son ya tayar wa mabiyansa da hankali da ziyarar ba-zata.

Ai ko bai je ba yana da wakili a can. Akwai wani manomi, Buba, mutumin Kaya ta ƙasar Maradun, da ke kawo albasa kasuwa duk Talata. Buba bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba. Ya taɓa zaɓen Tsani, da suka ba shi haushi ya zaɓi Rariya, wata shekarar kuma ya duba duka biyun ya tafi gonarsa. Irin mutumin da masanin rediyo yake nufi ke nan, ba ragi ba ƙari. Alhaji ya naɗa shi Babban Jami'in Ƙungiya na Kaya da Kewaye, sai dai ya manta bai gaya masa ba. Wata Talata Buba ya ga Alhaji ya tsaya kusa da buhunansa, ya gaishe shi da ladabi, ya fara cewa, "Ranka shi daɗe, tunda kuna ganin manya, ku hwaɗa musu kasuwar ga ba awa da take ba. Yanzu da an yi azahar..." Alhaji ya katse shi ya ce matsalolin kasuwanci suna cikin ajanda ta bakwai, ya wuce yana ɗaga wa masu barkono hannu.

Daga nan ya zauna ya rubuta takarda guda, ya yi mata kwafi biyu, ya buga hatimi, ya aika wa Tsani ɗaya, Rariya ɗaya. A ciki ya sanar da kowannensu cewa dubu arba'in suna jiran umarninsa, kuma zuciyarsa ta fi karkata gare su. Mutanen Tsani, da yake sun san shi shekara takwas, suka ba mai tsiren ƙofar ofishinsu takardar. Ta Rariya kuwa ta faɗa hannun wani Zaharaddini, daraktan kamfen na jiha, wanda aka turo daga Gusau bai san kowa a Mafara ba. Shi ma yana da tasa damuwar. An matsa masa daga sama cewa ɗan takararsu na shugaban ƙasa ya gaji da ganin fuskokin da ake kwasowa a mota ana kai masa kowane taro, yana son ya ga mutanen da ba na jam'iyya ba. Sai ga takarda ta zo da dubu arba'in a rubuce, da hatimi.

Aka yi magana ta waya, aka daidaita. Ranar Talata ɗan takarar shugaban ƙasa zai yi gangami a Gusau da safe, ya wuce Sakkwato. Hanya ta Mafara ta bi. Zai tsaya minti goma da ƙarfe goma sha biyu. In ya ga jama'a zai fito daga mota, ya yi musabaha da ciyaman, a ɗauki hoto. In bai gani ba, ba zai fito ba. Zaharaddini ya maimaita wannan sau biyu, Alhaji ya yi dariya irin ta manya ya ce abin da yake tsoro kawai kada jama'a su yi yawa su tare hanya.

A nan ne basirar Sikeli ta fito fili, kuma dole a yaba. Ya san ba shi da mutum arba'in balle dubu arba'in. Amma ya san abin da ke cika Mafara ranar Talata. Don haka ya sa a kafa rumfar taro daidai bakin kasuwa, gefen titi, a ɗaura wani dogon ƙyalle daga wannan turke zuwa wancan a saman mashiga, an rubuta Barka Da Zuwa Babban Taron 'Yan Ba-Ruwanmu. Duk wanda ya zo sayen gishiri sai ya bi ta ƙarƙashinsa. Rawa da bazar wani ba yau aka fara ta ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ari bazar gari guda ba sai Alhaji.

Mai ba da hayar rumfa da kujeru wani dattijo ne, Malam Elijah, tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya ya zauna a Mafara, shekararsa arba'in a garin. Yana jera kujeru ya tambayi Alhaji ko ya tabbata baƙin za su iso a kan lokaci, domin in suka wuce ƙarfe biyu akwai magana. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi da ya yi mataimakin mai jera kujeru na jam'iyya guda ba a koya masa taro. Malam Elijah ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ci gaba da aikinsa. Aka kuma ɗauko Mubarak mai hoto, Alhaji ya ja shi gefe ya yi masa gargaɗi: in lokaci ya yi kada ya ɓata hoto da kowa, shi da ɗan takara kawai, kuma hannu ya fito sosai.

Ranar Talata ta zo. Wallahi da ƙarfe goma sha biyu ko ni da na san dawar garin sai da abin ya burge ni. Kasuwa ta cika ta batse, mutanen Bakura da na Maradun da na ƙauyukan Garbadu, masu buhu a ka, masu jan akuya, masu tura baro, duk suna kutsawa ƙarƙashin ƙyallen Alhaji. Shi kuwa yana tsaye a kan dandamali cikin wata farar shadda da ko ango sai ya yi ƙyashi. Ya dubi taron, idonsa ya ciko da ƙwalla. Abin tausayin shi ne ya manta dabara ce, ya yarda nasa ne. Ya karɓi lasifika ya yi musu jawabin share fage a kan makomar ƙasa, su kuwa suna ta cinikin albasa.

Sha biyu ta wuce. Alhaji ya kira Zaharaddini da wayar da ke aiki, aka ce ga su nan, yanzu za a rufe taron Gusau. Ƙarfe ɗaya aka ce sun taso. Ɗaya da rabi aka ce sun tsaya gaida wani babba a hanya, ba a ƙin cin abincin manya. Duk wanda ya san ɗan siyasa ya san sha biyunsa la'asar ce, in ya ji tsoron Allah. Alhaji ma ya sani, don shi kansa bai taɓa zuwa ɗaurin aure an yi da shi ba. Bai damu ba, a saninsa kasuwar Mafara sai magariba take watsewa.

Aka kira azahar, aka yi salla. Da aka sallame sai Alhaji ya ga wani abu da bai gane ba. Mutane sun fara ɗaure kaya. Mai tabarma yana naɗewa, mai hatsi yana ɗinke bakin buhu, masu motocin ƙauye suna ta kiran Maradun, Kaya, Bakura, saura mutum biyu. Abin da kowace mace mai aiken cefane ta sani, abin da Ummulkhairi ta so faɗa, abin da Buba ya fara faɗa aka katse shi, shi ne wannan: shekaru ke nan mutanen ƙauye ba su yarda yamma ta same su a hanya, saboda masu tare ta da bindiga. Kasuwar da a da ake kunna mata fitila yanzu da azahar take fara kwashewa. Kowa a garin ya san haka, ban da mai nazarin al'amuran ƙasa.

Alhaji ya finciki lasifika.

"Jama'a, ina za ku? A matsayina na ciyaman ina ba da umurni kowa shi tsaya inda yake. Ba a sallami taro ba. Wanda duk yat tahi, na cire sunanai daga ƙungiya."

Ba wanda ya waiwayo, don ba wanda ya san da shi ake. Ya hango Buba yana ɗora ragowar buhunansa a bayan wata a-kori-kura, ya sauko daga dandamali da sauri har rigar tana ƙara, ya riƙe masa hannu. Ya tuna masa cewa shi babban jami'i ne, bai kamata a gan shi yana gudu ba alhali shugaban ƙasa na tafe. Buba ya yi mamakin jin muƙaminsa, ya yi godiya, sannan ya zare hannunsa a hankali.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji shi. "In na tsaya ganin shugaban ƙasa, shi za shi raka ni Kaya? Ƙanena wata Talata yat tsaya jiran cinikin buhu biyu, har yau ba mu gan shi ba. In baƙonka ya zo ka nuna mai kasuwar ga da la'asar. Ita ta saƙonmu."

Ya hau bayan mota ya zauna a kan albasarsa, suka tafi. Na so in ce maganar ta taɓa Alhaji, amma ƙarya ba kyau. Abin da ya fahimta kawai shi ne an samu rashin ɗa'a a reshen Kaya.

Ƙarfe uku kasuwa ta koma rabi. Ƙarfe huɗu ta zama fili, sai ɓawon albasa da igiyoyi da awaki masu kiwon ganyen da aka zubar. Mutanen gari ma ba su cece shi ba. 'Yan Rariya tun asuba aka kwashe su a motoci zuwa Gusau don su cika wancan taron, 'yan Tsani kuwa sun zauna a ƙofar gidajensu da gangan suna jiran labari. Sauran, waɗanda ba ruwansu da gaske, sun tafi gonakin rani ban ruwan yamma. Ƙarƙashin rumfar Alhaji kujera ɗari biyu, a kansu akwai yara kamar goma sha biyar waɗanda ko shekara goma nan gaba ba su isa zaɓe ba, da wani tsoho mai goro da barci ya kwashe, da Mubarak mai hoto, da Malam Elijah yana jiran kayansa.

Ƙarfe biyar saura kwata aka ji jiniya. Motoci sun fi talatin, na gaba da na baya cike da masu bindiga, a tsakiya wata baƙar mota mai baƙin gilashi wadda ko ƙuda ba ya ganin cikinta. Zaharaddini ya diro tun motarsa ba ta gama tsayawa ba. Ya dubi ƙyalle, ya dubi kujeru, ya dubi awaki, ya tambayi ina dubu arba'in.

Da wani ne, da ya so ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji gyara hula ya yi.

"Ranka shi daɗe, abin da kag gani shi na hujja. Da 'yan jam'iyya na, da kun iske su zamne awa tumaki. Waɗanga 'yan ba-ruwanmu na na asali. Ko ni da nike ciyaman ɗinsu ba su jin maganata."

Shekara ashirin Alhaji yana jawabi a garin nan, ranar ce kawai ya faɗi gaskiya, kuma ba da niyya ba. Zaharaddini bai tsaya yaba masa ba. Ya juya ya ga dattijo guda a tsaye mai kama da mai katin zaɓe, ya tambayi Malam Elijah ko shi ɗan ƙungiyar ne. Malam Elijah ya ce shi kujerunsa ya zo kwashewa. Katin zaɓe kam yana da shi, bai taɓa fashi ba, kuma bai riga ya yanke wanda zai ba ba. Ya ƙara da cewa da sun zo da sha biyu da sun ga mutane, amma da suka zo yanzu sun ga abin da ya fi mutane, in suna da idon gani. Ya fara bayanin hanya da yadda kasuwa ta koma, Zaharaddini yana duban agogo.

Ana cikin haka gilashin baƙar motar ya sauka kamar faɗin yatsa biyu. Alhaji ya gani. Ya tattare riga ya ruga, hannu a miƙe, baki har kunne, yana kiran Mubarak da ido. Ko me na cikin motar ya gani a filin nan, bai ɗauke shi daƙiƙa uku ba. Kafin hannun Alhaji ya iso gilashi ya koma ya rufe ruf. Mubarak, da yake an ce masa kada ya kuskure lokacin, ya danna.

Wani mai bindiga ya matsar da Alhaji gefe da gwiwar hannu. Zaharaddini ya shige motarsa yana cewa ba za su iya ƙara minti ɗaya ba, dole su isa Sakkwato kafin duhu, hanya ba ta da kyau. Mota fiye da talatin, da bindigogi gaba da baya, da mai neman mulkin ƙasa a tsakiya, suka bar Mafara saboda dalilin da ya kori Buba da albasarsa. Malam Elijah ya bi su da kallo, ya girgiza kai, ya tashi tsoho mai goro don ya ɗauki kujerar da yake kai.

Zaɓe ya zo ya wuce. Mutanen Kaya da Birnin Tudu suka dangwala inda suka ga dama, wasu nan, wasu can, wasu suka zauna gida, ba wanda ya nemi izinin ciyaman. Alhaji ya jira aka faɗi sakamako, sannan ya sanar cewa daidai inda ya ɗora yatsa ke nan a asirce.

Bayan kwana biyu Mubarak ya kawo hoto, an wanke shi ƙato daidai girman firam kamar yadda aka umarce shi. Hoton ya fito tas, ba abin da za a ce da mai ɗauka. Ga Alhaji Hayatu cikin farar shadda, ya rusuna, ya miƙa hannu yana murmushi. Ga kuma baƙin gilashin mota yana sheƙi kamar madubi, a cikinsa wani Alhaji Hayatu ya rusuna, ya miƙo hannu yana murmushi, yatsunsu saura kaɗan su haɗu.

Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ce a kai ɗaki a ajiye tukuna. Da ya shiga nazarinsa na bayan azahar sai Lantana ta ɗauko hoton, ta buɗe firam ɗin da ta shekara biyu tana gogewa, ta saka shi, ta mayar a ƙusa. Da la'asar ya fito ya tarar da shi rataye saman kujerarsa, ita kuma tana tsaye da tsumma a hannu tana duba ko ya karkace.

"Bar shi nan, Alhaji, ya yi kyau," in ji ta. "Ga ciyaman, ga jama'atai. Ƙungiyar duka ta hito, ba wanda anka bari."